Yadda ake haɗa takobin ado marar ruwa don wasan tarihi

"Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Daura. Muna shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayon tarihin Bayajidda da za a nuna a makon Sallar Gani, akwai fadawa da dakaru wajen 15. Shugaban makaranta ya ce kada ya kuskura ya ga ƙarfe mai kaifi ko mai tsini a hannun yaro. Bara kafinta ya yanko mana na katako aka fesa musu fenti ruwan azurfa, 'yan kallo suka yi ta dariya, wasu kuma suka karye tun a wurin gwaji. Yaya za mu yi mu sami takobin da ido zai yarda da shi, amma ba shi da ruwa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema a jikin abu guda: ya yi kama da takobin gaske, kada ya ji wa kowa ciwo, kuma ya jure hannun yara. Ni sana'ata dukanci ce a nan Katsina, kube da hamila da kayan doki su ne abincina, don haka ta wannan ɓangaren zan ba ka amsa.

Shugaban makarantarku yana da gaskiya, kuma ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Duk lokacin hawa za ka ji jami'an tsaro suna gargaɗi a kan yawo da makami, mu nan Katsina kuwa abin da ƙauraye suka sha yi a wurin taro ya isa ya sa kowane uba ya ɗaga gira idan ya ga ɗansa da ƙarfe. Amma ka tsaya ka tuna hawan da ka taɓa kallo, ko na Gani a can Daura ko na Sallah a Ƙofar Soro a nan Katsina. Cikin masu rataye da takobi, mutum nawa ka ga sun zare? Kaɗan ne, su ma sai an zo jahi. Sauran duk abin da ka gani kube ne da mariƙi da hamila. To nan ne kuskuren bara yake: kun sa ƙarfinku a kan kwaikwayon ruwan takobi, wato ƙarfensa mai kaifi, wanda shi ne abu mafi wuyar kwaikwaya da katako, kuka bar ɓangaren da ido ya saba gani, wanda shi kuwa da fata da zare ake yinsa ko a na gasken. Dakarunka 15 ba sa buƙatar ruwa ko na ƙarya. Abin da za ka yi musu shi ne takobin da yake cikin kubensa har abada, kube da mariƙi a jikin katako ɗaya. Bayajidda kaɗai zai zare nasa, shi ma zan zo kansa.

Siffar da za ka bi

Kada ka ba kafinta hoton takobin finafinan Indiya ko na Turawa. Takobin ƙasar nan, wanda muke tarayya da Buzaye da Barebari da Nufawa a kansa, miƙaƙƙe ne, baki biyu, bakinsa na ƙasa a zagaye ba tsini sosai. Tsawon ruwansa kan kai inci 30 zuwa 33, faɗinsa a gindi wajen inci 2, yana tafiya yana tsukewa. Mariƙinsa gajere ne ƙwarai, bai cika wuce faɗin tafin hannu ba, wato inci 3 da rabi zuwa 4. Tsakanin mariƙi da ruwa akwai sandar gicciye mai kare hannu, mai kusurwa huɗu, faɗinta wajen inci 5, kuma galibi da fata ake lulluɓe ta ko da tagulla. A can sama sai kai, mai faɗi kamar an danne shi. Da yawa daga tsofaffin ruwan takubban daga Turai suka zo ta hanyar fataken Sahara, musamman daga garin Solingen na Jamus, har maƙeranmu suka riƙa kwaikwayon tambarin jinjirin wata biyu da ke jikinsu. Mariƙi da kube kuwa a nan gida ake yi. Wato ɓangaren da kake buƙata shi ne ainihin wanda hannun Bahaushe ya saba yi.

Abin da ya fi tona asirin takobin ƙarya shi ne dogon mariƙi. Kafinta yakan bar inci 7 ko 8 don yana ganin ya fi daɗin riƙo, sai abin ya koma kamar muciya. Ka tsaya a kansa ya rage.

Tsawo kuma a jikin yaro za ka auna, ba a takarda ba. Ka tsayar da shi, ka auna daga ƙasa zuwa cibiyarsa, wannan ne tsawon takobin gaba ɗaya. Idan ya wuce haka zai riƙa jan ƙasa ko ya harɗe shi. Ba laifi ba ne a yi wasu gajeru, ai takobin sarautar Katsina da ake dangantawa da Muhammadu Korau, Gajere ake ce masa.

Me ya sa na bara suka karye

Ban gan su ba, amma zan iya rantsuwa a wuya suka karye, daidai inda mariƙi ya haɗu da sandar gicciye. Dalili shi ne a nan katako yake tashi daga faɗin inci 2 ya koma inci 1, kuma duk wani nauyi da ya faɗa wa dogon ɓangaren, ko yaro ya zauna a kai, ko ya dogara da shi, ko ya maƙale a ƙofa, a wannan siririn wuri yake taruwa. Idan kuma falanki ne guda aka yanka, jijiyar katakon ta ɗan karkace, to tsagewa ce kawai take jira. Ga kuma ɗanyen katako: a yanka shi da damina yana miƙe sambal, hunturu na busowa ya lanƙwashe.

Maganinsa shi ne kada a yi ƙashin takobin da katako guda. Ka sa a yanko maka siffar gaba ɗaya, daga kai har ƙarshen kube, a jikin siririn filawud mai kaurin kwatan inci. Wannan shi ne tsakiya. Sai a yanko wasu biyu a manna masa gaba da baya da farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, a matse a bar shi ya kwana. Filawud falle-falle ne da aka jera jijiyar kowane tana gicciye da ta ɗan'uwansa, shi ya sa ba ya tsagewa ta tsawo, uku a haɗe kuwa ba sa lanƙwashewa da sauƙi. Idan ba ku da abin matsewa, a shimfiɗa su a daɓe marar tudu da kwari, a ɗora falanki, a jera bulo a kai. A wuyan kuma kada a yanka kusurwa tsaf, a bar ta da ɗan lanƙwasa, tunda sandar gicciye za ta rufe wurin. Tsaga kullum daga kusurwa mai kaifi take farawa.

Wasu sukan huda su cusa rodi a ciki don ƙarfi. Ga manya ban hana ba, ga yara ban yarda ba. Ranar da katakon ya karye duk da haka, rodin ne zai leƙo, ka ga an koma gidan jiya.

Sandar gicciye guda biyu ce ta katako mai ƙwari, kamar maɗaci, a fafe cikin kowace ta yadda za su rungumi wuyan daga gaba da baya, a manne. Ita kanta ƙarin ƙarfi ce ga wurin. Daga nan sai magagari. Kube ba shi da kusurwa: tsakiyarsa ta ɗan tasa, gefunansa sun sirance. A ci gefunan sosai har kaurinsu ya koma kamar na fensir, a zagaye ƙarshen, a bi da sanfefa. Wannan aikin ɗalibanka manya za su iya, kuma shi ya fi cin lokaci. Kada a yi masa ha'inci, don fata ba ta ɓoye aibin katako, fito da shi take yi.

Kan takobi kuwa, idan sassaƙa ta yi muku wuya, ku da kuke Daura goruba ba ta yi muku wuya ba. A sami ƙodagon da ya bushe, a goge gashinsa da magagari, a huda, a zura bakin mariƙin a ciki. Kafin a rufe a cusa noti biyu ko uku na ƙarfe a cike da gam ɗin Araldite. Amfanin notin zai fito nan gaba.

Aikin fata

Fatar akuya jemammiya za ka nema, marar kauri, ja ko baƙa. Jar gargajiya da karan dafi ake rina ta, baƙar kuma da kuloko, kuma launinsu a kwance yake, ba ya ƙyalli. Ledar kujera da ake sayarwa yadi-yadi ta fi araha, tana kuma yi idan aljihu ya matse, sai dai tana sheƙi a rana, ba ta kuma karɓar zane. Idan kuɗin bai kai ba, shawarata a sa fatar gaske a inci 10 na sama da mariƙi, inda ido yake sauka, sauran a rufe da baƙin yadi mai kauri da aka shafe da gam.

Ga sirrin da ke sa a ɗauka akwai takobi a ciki. Na gaske yana da baki, wato inda kube ya ƙare ruwa ya shige. Kai ma sai ka ƙirƙiro bakin. Ƙasa da sandar gicciye ka bar tazara kamar kaurin tsinken ashana, ka shafe ta da baƙin fenti. Daga nan ka naɗa ƙirin fata ko kwali mai faɗin inci 1, zagaye biyu, ya yi tudu. Idan aka lulluɓe da fata, wannan tudun da baƙin layin da ke samansa su za su ce wa mai kallo abu biyu ne aka zura ɗaya cikin ɗaya. Na sha miƙa wa mutum irinsa a shago ya kama mariƙi ya ja, ya sake ja, sannan ya dube ni ya ce ya yi tsatsa ne?

Zanen da kake gani ya taso a jikin kube, ba sassaƙa ba ce. Zare ne a ƙarƙashi. Ka manna zaren buhu ko siririyar igiya a jikin katakon, layi biyu a tsaye, ko zobe-zobe a gicciye, ko gicciye mai kusurwa irin na zanen bango. Sai ka ɗan jiƙa fatar, ba sharkaf ba, damshi kawai, don ta yarda ta miƙe. Ka ɗora ta, ka bi gefen kowane zare da bakin ƙaho ko bayan cokali kana dannawa. Za ka ga fatar tana duhu a inda ka danna, tana kwanciya a jikin zaren, idan ta bushe kuma haka za ta zauna. Da tsinin basilla mai dakushi kana iya ƙara ɗigo-ɗigo da 'yan layuka a tsakani tun tana da damshi. A irin wannan aikin farin gam ya fi, don yana ba ka lokacin gyara. Gam ɗin masu gyaran takalmi, wanda ake shafa wa ɓangare biyu a jira ya sha iska kafin a haɗa, ka bar shi don gaɓar baya da bakin fata. Da ya kama ya kama ke nan. Kuma a yi aikinsa a waje, nesa da wuta, kada a bar yara su kaɗai da gwangwaninsa.

Gaɓar ta zauna a baya, ɓangaren da zai jingina da jiki. A fefe bakin fatar da aska ya yi siriri kafin a ɗora ɗaya kan ɗaya. Mariƙi da sandar gicciye su ma fata, har ƙodagon, ko kuma shi a shafa masa fenti ruwan tagulla a goge da tsumma mai ɗan baƙin man takalmi don ya tsufa.

Ƙarshen kube na gaske yakan sami hular ƙarfe. Maƙeran fari za su yi maka da tagulla idan da hali, guda ɗaya ko biyu don manyan 'yan wasa. Wasu sukan yanka gwangwanin lemo su naɗa. Ni ba na so, don bakinsa yanka yake yi, kuma da ya ɗan ɗago sai ya kama riga ko yatsa. Fata mai wani launi, kore ko ɗorawa, ta wadatar, daga nesa ma ta fi kyau.

Rataya, inda aka fi faɗuwa

Za a iya yin duk abin da na faɗa daidai, a zo nan a ɓata. Mutanenmu a kafaɗa suke rataya takobi da hamila, ya sauka a gefen hagu ƙarƙashin hannu. Ɗaura shi a ƙugu da bel salon sojan Turawa ne, a wasan Bayajidda ba shi da wuri.

Zobba biyu ake sa wa kube, duka a gefe ɗaya, wanda zai kalli sama. Kada ka ƙiyasta wurinsu da ido. Bayan an gama komai, ka ɗora takobin a kan yatsa ka nemo inda ya tsaya bai rinjayi ko'ina ba, ka yi alama. Zobe ɗaya ya zauna sama da alamar, ɗaya ƙasa da ita, amma na ƙasan ya fi kusa da alamar, ta yadda idan an rataya ƙarshen kube zai ɗan sunkuya baya, mariƙi ya ɗago gaba inda hannu zai same shi. A nan ne notin cikin ƙodago suke aiki. A takobin gaske nauyi yana kusa da hannu, 'yan inci kaɗan ƙasa da sandar gicciye. Na katako zalla nauyinsa a tsakiya yake, ga shi sakayau, shi ya sa yake lilo yana kaɗawa duk takun da yaro ya yi, kuma mai kallo ko bai san dalili ba zai ji abin bai zauna ba. Ɗan nauyi a kai yana jawo ma'aunin sama, ya sa shi ya natsu a jiki. Ba a son ya yi yawa, na gasken ma bai cika wuce kilo 1 ba, naku rabin haka ya isa. Kada wani ya ba ku shawarar narka dalmar tsohon batir don nauyi. Guba ce, kuma mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Zobban a saye su wurin masu kayan doki, zoben makulli ana gane shi daga nesa. A riƙe kowane da ƙirin fata da ya zagaye kuben gaba ɗaya aka ɗinke, ba ƙusa ba. Hamila kuwa, ta gaske tufka ce mai kauri da tuntaye. Ku sayi zaren ulu ja ko kore, a tufka shi riɓi-riɓi har ya kai kaurin babban yatsa, a yi tuntu a kowane baki. Wannan 'yan matan ajinka za su gama shi a zama ɗaya. Amma a gefe ɗaya kada a ɗaure hamilar kai tsaye a zobe: a haɗa su da zaren ɗinki zagaye huɗu ko biyar. Idan takobin ya maƙale yaro yana gudu, zaren ya tsinke maimakon igiya ta shaƙe shi.

Na Bayajidda

Shi dole ya zare, tunda sai ya sare kan macijiya a bakin rijiyar Kusugu. A nan labarin da kansa ya taimake ka. A yadda aka fi ba da shi, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya yi aikin da ita, kuma da dare abin ya faru, bayan ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a. Saboda haka ba wanda zai yi maka gardama idan ka ba shi gajeren makami mai inci 16 zuwa 18. Gajere ya fi sauƙin sarrafawa, ba ya lanƙwasa, ba ya kaiwa fuskar na kusa.

Ka sayi robar da masu takalma suke yanka silifas da ita, falle biyu. A tsakaninsu a kwantar da siririyar sandar gora, ta taso daga cikin mariƙi ta tsaya inci 2 kafin ƙarshe, a naɗe bakinta da tsumma don kada wata rana ta huda ta fito. A manne da gam ɗin takalmi, a fefe gefuna da sabuwar reza, a bar baki a zagaye. A shafa farin gam sau biyu ko uku ana bari yana bushewa, don roba shan fenti take yi. Sai baƙin fenti marar ƙyalli. Idan ya bushe, a kankare bakin fensir a sami garinsa, a goga da yatsa ko tsumma. Abin da zai fito shi ne launin tsohon ƙarfe, toka-toka mai ɗan sheƙi, wanda fentin azurfa ba zai taɓa ba ka ba. Kubensa kuma kwali ne mai kauri da aka naɗa a jikin ruwan da ɗan sarari, aka lulluɓe da fata kamar sauran.

Idan akwai wurin da dakaru za su gwabza, kada ka bari a yi da waɗannan na katakon. An yi su don rataya ne. A ba su sanduna da garkuwa, a koya musu taku a hankali.

Inda sanina ya tsaya shi ne doki. Idan wani daga cikin yaran zai hau, abu mai tauri a gefen haƙarƙari haɗari ne ranar faɗuwa ko da ba shi da kaifi, don haka a yi masa na roba gaba ɗaya, kuma ka nemi wani daga cikin masu hawan fada ya duba yadda aka rataya kafin ranar. Sun fi ni sanin abin da ke maƙalewa a sirdi. Haka batun izini: idan za ku fita wajen makaranta, musamman kusa da fada a ranakun Gani, ka kai samfuri ɗaya wurin masu shirya taron da jami'an tsaro tun da wuri, su riƙe da hannunsu su ja su ga ba ya zaruwa. Ranar tafiya a zuba su cikin buhu a hannun malami, da takardar makaranta, sai an isa a raba wa yara. Aikin da ya yi kyau har ya ruɗi ɗan kallo zai iya ruɗin wanda ke tsaye a shingen bincike.

Ka fara da guda ɗaya tak, ka rataya wa yaro mafi ƙiriniya a ajin ya wuni da shi. Inda ya lalace ka gyara a sauran 14. Bayan wasa kuma kada a jingine su a kusurwar ofis, za su lanƙwashe. A rataye su da hamilarsu a ƙusa, inda rana da ɗigon rufi ba sa kaiwa, a shafa wa fatar ɗan man kaɗanya kafin hunturu.